Yadda jakunkunan bogi sunka cinye mini jari a Gusau

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina son in ba da labarin nan, in fara rubutawa in goge, in sake farawa in goge, to amma yanzu da na ga yaran mata sun cika sitatus da hotunan jakunkuna ana rubuta wai orijina ce kai tsaye daga kamfani an yi ragi, sai na ga shirun nawa ba shi da wani amfani. Ba zan kama sunan kowa ba, waɗanda abin ya shafa sun san kansu kuma da yawansu mun daɗe da shiryawa.

Ni a Kaura Namoda anka haife ni. Babanmu tela ne, shagonsa na can wajen tashar jirgin ƙasa, innarmu kuma dillaliya, irin waɗanda ke shiga gida-gida da ƙullin zannuwa da kwanoni da 'yan kunne. Tun ina firamare ni ke bin ta da littafi ina rubuta wa ya ɗauki kaza saura nawa, duk da dai ita ba ta buƙatar littafin, komai na cikin kanta ko kobo ba ya ɓace mata. Abin da na tashi na gani shi ne mata su ba ta kayan ɗakinsu ta tafi da su ba takarda ba shaida, ta sayar ta kawo musu kuɗinsu cif. Wannan yardar ita ce na gada, don kuɗi kam ba mu da su.

Na yi karatu a kwalejin ilimi ta mata da ke Gusau, na yi aure nan cikin gari, maigidana malamin sakandare ne to kun dai san albashin malami. A 2018 na fara 'yar sana'ata da dubu 60, atamfa da mayafi da jaka da takalmi, wata 'yar'uwarmu da ke aure a Kano ita ke shiga Kwari da Wambai ta ɗauko mini hotuna, in zaɓa in tura kuɗi, ta kai tasha a ba direba ya kawo mini. Ni kuma in ɗora a sitatus na WhatsApp. Lokacin korona a 2020 da mutane sunka zauna gida kowa ya koma kan waya sai ciniki ya buɗe mini sosai, har na sayi firiza ina ƙanƙara da zoɓo a gefe.

Kuma bari in faɗi wani abu tun yanzu don kar a juya mini magana. Jakunkunan da nake kawowa daga Kano duk kwafi ne, kuma kowa ya san kwafi ne. Mace ta sayi jaka mai tambarin Gucci a dubu 7 ko 9, ita ma ta san ba daga Italiya ta fito ba, ado take so ta shiga biki ta fita, in ta ɓare bayan wata shida ta yar ta sayi wata. Ba wanda ya yaudari wani a nan. Matsala ta fara ne lokacin da kwastomomina sunka fara canzawa, matan manya sunka fara yi mini magana, matan 'yan siyasa da na manyan ma'aikata, su kuma kullum maganarsu ɗaya ce, ba ki da orijina? Mu ba mu riƙe irin waɗannan. Ina ji ina gani ciniki mai tsoka yana wuce ni yana tafiya wurin masu zuwa Dubai.

Wajen tsakiyar 2021 wani talla ya dinga fito mini a waya, duk inda na shiga sai na gan shi. Wai awutlet ne, shagon da manyan kamfanoni ke kai ragowar kayansu a sayar da rangwame, ragi har kashi 80 cikin ɗari. Na danna na shiga, wallahi shafin ya haɗu, hotuna tas-tas, Louis Vuitton, Chanel, Gucci, Michael Kors duk a wuri ɗaya, ga wani agogo a sama yana ta ƙirgawa wai saura awa kaza ragin ya ƙare. Jakar Louis Vuitton ɗin nan mai faɗin baki da ake ce ma Neverfull, wadda a lokacin kuɗinta a shagonsu ya kai dala 1,500 ko fiye, sun sa mata dala 89. A lokacin dala tana wajen naira 500 a kasuwa, kenan dubu 45 ba ta cika ba. Na kwana ina lissafi, in na sayar dubu 80 ma ai na yi wa mai saye alheri ni ma na samu.

Da na zo biya sai kati ya ƙi, don lokacin bankuna sun rage abin da mutum zai iya kashewa a waje da katin naira, wasu dala 100 kacal a wata. Can ƙasan shafin akwai lambar WhatsApp, na yi magana, nan take wata ta amsa, ta ce ita ce wakiliyarsu a Legas, kar in damu 'yan Najeriya da yawa na samun wannan matsalar shi ya sa kamfani ya buɗe musu asusun naira. Ta turo lambar akawun, sunan mutum ne a kai ba na kamfani ba, na tambaya ta ce na akantansu ne. Matar nan ta iya magana, Hajiya sama Hajiya ƙasa, har ta koyi cewa ina kwana da ya yara. Na ce bari in gwada da guda ɗaya. Kafin sati biyu jaka ta iso tasha, cikin kwali mai ruwan lemo, da ƙyallen da ake sa jaka a ciki, da kati, da rasit da turanci, hannuwanta an naɗe su da leda. Ni da ban taɓa riƙe ta gaske ba me zan gwada ta da shi? Ta fi duk wadda na taɓa sayarwa kyau nesa ba kusa ba. Ranar da na ɗora ta a sitatus ranar ta tafi, dubu 85, kuma mata sunka yi ta kira suna a sa su a layi.

Cikin masu kiran har da wata Anti, yayar wani ango ce, ita anka ba haɗa lefe. Gidan amaryar gidan masu hali ne, ta ce mini ƙanwata ba na son a raina mu, akwati goma sha biyu za mu kai, atamfa da leshi duk na gama, jakunkuna nake so na gani na faɗa guda biyar, uku Louis Vuitton ɗaya Chanel ɗaya Gucci. Na yi oda, sunka iso cikin Agusta, ta biya dubu 430 tana ta sa mini albarka. To daga nan ne wakiliyar ta ce akwai babban ragi, wanda ya sayi guda talatin zuwa sama za a ƙara masa rangwame kuma kuɗin jirgi kyauta, amma sai an biya kafin wata ya mutu. Na kwashi adashina dubu 300, na sayar da sarƙa da 'yan kunnen gwal ɗin aurena, sauran kuma kuɗin mata ne da sunka ba da kafin alƙalami, wata dubu 40 wata 80, har da wata malamar firamare da ta ba da albashinta sukutum don tana son ta yi wa ɗiyarta kyauta. Duka-duka miliyan 1 da dubu 300 na tura a ƙarshen Agusta. Maigidana ya ce Maman yara kuɗin nan fa da yawa, na nuna masa rasit ɗin baya da hotunan kayan da sunka zo, ya ce to Allah ya sa albarka.

Duk wanda ke Zamfara ba zai manta Satumbar 2021 ba. Bayan da 'yan bindiga sunka sace ɗalibai a Maradun sai anka ɗauke sabis ɗin waya a jihar gaba ɗaya, ga shi kuma an rufe kasuwannin mako-mako, an hana sayar da mai a jarka. Ba kira ba saƙo ba data, waya ta koma fitila da agogo. Ni da farko ban damu ba, na ce kaya na hanya, in sabis ya dawo ma yi magana.

Cikin wannan halin anka kai lefen. Washegari da hantsi ina wanki sai ga Anti ta shigo ko sallamar kirki babu, da jakunkunan nan biyar cikin babbar leda, ta zube mini su a tsakar gida gaban kishiyar maƙwabciyata da ta shigo aron turmi. Ta ce kin ci amanata, kin sa an yi mana dariya a gidan surukai, an buɗe akwati gaban dangi gwaggon amarya ta ɗaga jaka ɗaya ta shinshina ta ce wannan ta Guanzu ce, wato kwafin Caina. Ta faɗi maganganu da yawa waɗanda ba zan maimaita ba, ciki har da cewa dama 'yar dillaliya me za a jira daga gare ta. Wannan kalmar ita ta fi ci mini rai har yau, don innata ta rasu ba wanda ke bin ta ko ƙwandala. Na tsaya hannuna duk kumfa na kasa cewa komai, abin da ke yawo a kaina ba ma dubu 430 ɗinta ba ne, miliyan ɗaya da ɗoriyar da na tura ne, ga shi ba halin in kira kowa.

Na yi kwanaki ba na iya cin abinci. Can na yanke shawara in je wurin ita gwaggon amaryar da kaina, don har lokacin akwai wani ɓangare na zuciyata da ke cewa ƙila hassada ce kawai ta masu zuwa Dubai, sun ga za a kashe musu kasuwa. Na ɗauki jaka biyu na sa a buhun leda na tafi gidanta. Dattijuwa ce, ta shekara da shekaru tana safarar kaya daga Dubai da Jidda da Caina. Na zaci za ta kore ni, sai ta sa anka shimfiɗa mini darduma ta ce zauna ɗiyata, nawa kinka sawo wagga? Na faɗa mata. Ta yi dariya har da riƙe baki, ta ce ɗiyata ai kuɗin nan ko hannunta guda ba su saye ba.

Ta shiga ɗaki ta fito da tata Louis Vuitton ɗin, ta ce wannan da hannuna na saye ta a shagonsu a Dubai shekarun baya, ta ajiye su kusa da juna kan darduma. Abin da na fara lura da shi tata ta fi tawa tsufa da duhu, har na ji a raina ai tawa ta fi kyau. Ta ce kalli hannun. Nata ya yi ruwan zuma, wurin da take riƙewa ya fi duhu, ta ce fatar saniya ce da ba a shafe ta da komai ba, tana zuwa fara-fara, rana da gumin hannu ke rina ta a hankali, ko ruwa ya ɗiga sai ya bar tabo. Ta lakato ruwa a kofi ta ɗiga a hannun tawa, ruwan ya tsaya ƙuru-ƙuru ya gangare, roba ce anka yi wa fenti. Ta sa farce ta kankari jan abin da ke bakin hannun sai ga shi yana tasowa yana ɗanko. Ta ce shinshina ciki. Na sa hanci, warin gam ne irin na masu facin taya, wanda ni da nake ɗauka ƙamshin sabon abu ne.

Daga nan ta juya bakin jakar ta nuna mini ɗinki, nan ne kunya ta kama ni sosai don ni 'yar tela ce, na san ɗinki. A tata kowane ɗinki tsawonsa ɗaya da ɗan'uwansa, in ka ƙirga na gindin hannun dama ka ƙirga na hagu adadinsu ɗaya, tawa kuwa wani dogo wani gajere, a kwana zaren ya hau kan juna, ga wani ya fito an ƙone bakinsa da wuta. Zanen furannin da haruffan a tata na dama da na hagu sun yi daidai, a tawa gefe ɗaya an yanke fure a rabi ɗaya gefen kuma cikakke. Ta ɗora mini ƙarfen maƙalin tata a tafin hannu, da nauyinsa, rubutun da ke jiki ya fito raɗau, na tawa kuwa fayau ba nauyi, ta goga shi da bakin mayafinta da ƙarfi sai ga ruwan gwal ɗin ya fara dusashewa. Zif ɗin aljihun ciki ma sai an ja da ƙarfi.

Na ce to Hajiya ga katin shaida ai, ga rasit. Ta karɓi katin ta jujjuya ta ce wannan shi ya fara tona ki ranar lefe, Louis Vuitton ba su ba da katin shaida, ba su naɗe hannun jaka da leda, kuma ba su rataya wannan ɗan guntun yankin da zare a jikin jaka, duk wanda ya taɓa saye a shagonsu ya sani. Ta ce ita ta shiga kasuwar fata ta Baiyun a Guanzu da ƙafarta, kwali daban ake sayar da shi, ƙyalle daban, rasit daban, ka faɗi ƙasar da kake so a buga maka. Kuma kwafin ma hawa-hawa ne, akwai na banza, akwai matsakaici irin nawa, akwai wanda suke ce ma mira wanda ita kanta sai ta zauna da shi ta natsu, wani ma ba za ta gane ba. Ta ce shi ya sa kafin ki duba ɗinki ki fara duba kuɗi da wanda ya sayar miki, araha ba ta ado ɗiyata. Louis Vuitton ba su da shagon ragi ko ɗaya a duniya, ba su yin ragi ko da salla ko da kirsimeti, ba su ba dillalai kayansu, kuma ba su da shago a Najeriya. Chanel kuwa ko su kansu ba su sayar da jaka ta intanet, sai ka je shago. To wa ya ba wata mata a Legas?

Na fito gidan nan ƙafafuna ba su ɗaukata sosai. A hanya na tuna da kayan da nake jira, sai na ce a raina ko kwafin ne dai Allah ya sa su zo, in sayar a matsayin kwafi in rage asara.

Ƙanena da ya yi karatun kwamfuta a Poli ta Kaura zai tafi Sakkwato, na ba shi wayata na ce in ya samu sabis ya yi wa matar magana. Ya dawo ya ce Yaya saƙon bai shiga ba, layin kuma a kashe. Na ce ƙila matsalar netwok ce. Farkon Oktoba da anka dawo da sabis a cikin Gusau, tun kafin in karanta saƙonnin da sunka taru na buɗe shafin, babu shi, fari fat. Hoton da ke kan lambar matar ya ɓace. Na kira har na gaji.

Ƙanen nawa ne ya zauna ya bi abin daki-daki da sikirinshot ɗin da na ajiye. Ya nuna mini sunan shafin, sun ɗauki sunan kamfani sun liƙa masa wasu kalmomi a baya, na gaskiyar kuwa sunan ne kawai ba ƙari. Ya shiga wani wuri da ake duba ranar da anka yi wa shafi rajista, ashe duka-duka 'yan watanni ne da buɗe shi, alhali sun rubuta sun shekara goma suna kasuwanci. Ba adireshin shago, imel ɗinsu na kyauta ne irin wanda kowa ke buɗewa. Ya sa hoton jaka ɗaya a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto yake a intanet, sai ga shi a shafin kamfanin na ainihi da wasu shafuka barkatai masu irin wannan fasalin, har da agogon nan mai ƙirgawa, ya ce Yaya in kin sake loda shafin agogon daga farko yake komawa. Na ce to ai akwai alamar kwaɗo a sama, an ce in akwai shi ba matsala, ya ce kwaɗon nan ko ɓarawo na iya sa shi kyauta, abin da yake nufi kawai wani ba zai leƙa abin da kike turawa a hanya ba, bai ce wanda kike tura wa mutumin kirki ne ba. Ya kuma nuna mini cewa a Instagram ana iya duba lokacin da anka buɗe akawun da ko ya taɓa canza suna. Babban abin dai, ya ce, kamfanin waje ba zai ce ki yi tiransifa zuwa asusun wani mutum ba, kuma kayan farko da sunka turo ai ƙugiya ce, ribar ma sun ci a kansu.

Mun kai ƙara inda ya kamata, mun rubuta wa banki, amma wata guda ya riga ya wuce, kuɗin an daɗe da kwashe su an rarraba. Wanda irin wannan ta same shi ya garzaya banki a ranar, ko awa ɗaya tana da muhimmanci, ni rashin sabis ya hana ni wannan damar.

Watannin da sunka biyo baya ba na fatan ko maƙiyina ya gan su. Da an ƙwanƙwasa ƙofa gabana ya faɗi. Na daina zuwa biki da suna, na daina zuwa islamiyya don uku daga cikin masu bina kuɗi ajinmu ɗaya. Labari ya zaga gari ya canza kama, har anka ce da ni anka haɗa baki wai na sayi fili a Abuja. Kaina ya dinga ciwo ba dare ba rana, da na je asibiti anka ce hawan jini, ni da ban kai talatin da biyar ba. Wasu daga dangin miji sunka fara cewa dama yawon waya ba na matar aure ba ne. Shi dai Baban yara bai taɓa ce mini na faɗa miki ba, amma shirunsa ma da nauyi, sai in gan shi da dare yana lissafi a bayan takardar jarrabawar ɗalibai.

Na je Kaura wurin Baba da niyyar in ɗan ɓuya kwana biyu. Ya saurare ni har na gama yana kan keken ɗinki, ya ce Uwata, waɗanda sunka ba ki kuɗi ba su ga kaya ba wannan bashi ne kowa ya sani, to waɗanda sunka sayi jakar a matsayin orijina kuma har yanzu ba su sani ba fa? Na ce Baba ai ba su yi magana ba, kuma ni ma ban sani ba lokacin. Ya ce lokacin ba ki sani ba, yanzu kin sani, kuma kin san hadisin wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Na ji haushin maganar nan ƙwarai, ina fama da bashin da ya fi ƙarfina zai ƙaro mini wani. Amma da na dawo Gusau gida-gida na bi, irin yadda innarmu ke yi. Wata ta ce ta yafe dama ita kyan jakar ta gani, wata ta ce in cire kuɗin kwafi in ba ta sauran, wata kuma ta zage ni tas ta ce da na bar ta cikin rashin sani da ya fi mata, don ta riga ta shiga da ita taro ta yi fariya.

Firiza ta tafi, keken ɗinkin da Baba ya ba ni na aure ya tafi, Baban yara ya ci bashi a ƙungiyar malamai ana cire masa duk wata. Malamar firamaren nan na fara biya. Anti ta biyu, don ina son maganar 'yar dillaliya ta fita daga bakinta. Sauran kuma na rubuta su a littafi ina ba kowa dubu 5 dubu 10 yadda ta samu, na koma yin cincin da dubulan na biki ina tarawa. Sai cikin 2023 na rufe littafin.

Hajiyar nan kuwa ta zama uwa a gare ni, wurinta na ƙara sanin abubuwa da yawa. Ba kowane awutlet ne ƙarya ba, Coach da Michael Kors da Kate Spade suna da nasu na gaskiya, har Gucci na da shagunan ragi a wasu ƙasashe, sai dai kayan awutlet na irin su Coach da yawansu dama don can anka ɗinka su, ba su kai na babban shago ba. Kuma ganin an rubuta Caina ko Biyetnam ko Indonesiya a cikin jakar Michael Kors ba ya nufin jabu ce, can suke ɗinkinsu, amma Louis Vuitton in ba Faransa ko Sifaniya ko Italiya ko Amurka ba to ajiye ta. Lambar da mata ke nema a cikin jaka su ce ga shaida ita ma ba hujja ba ce, masu kwafi na bugawa, kuma daga 2021 Louis Vuitton sun daina sa lambar kwanan wata sun koma sa ɗan cif na lantarki a ɓoye cikin jaka, Chanel ma a shekarar sunka bar kati da sitika sunka koma ɗan ƙarfe mai lamba. Kenan wanda ya kawo miki Chanel ya ce fitowar bana ce ga katinta, ya gama faɗa miki ko mene ne.

Yanzu na koma sana'a amma ba kamar da ba. Ina kawo jakunkunan fata da ake ɗinkawa a Kano, marasa tambarin kowa, wasu da jar fatar akuyar nan tamu ta ƙasar Sakkwato da turawa ke saye su kai waje, ina kuma ɗauko na gwanjo masu kyau in wanke in gyara, in na ci karo da Coach ko Michael Kors ta gaske a cikin dila in faɗa, in ina shakka in ce a saye ta a kuɗin kwafi. Ribar ba ta kai wadda na yi mafarki ba, kuma matan manya da yawa ba su dawo ba. Akwai wadda har yau in mun haɗu a asibiti ko gidan gaisuwa sai ta kau da kai duk da na biya ta tun tuni, na daina sa abin a raina.

Kwanan baya wata ta zo za ta haɗa wa ƙanenta lefe ta ce Louis Vuitton orijina take so, ta ga wani shafi na sayarwa dubu 150. Na buɗe mata shafin kamfanin na ainihi na nuna mata Neverfull ta haura dala 2,000, munka buga da canjin lokacin, naira 1,500 kowace dala, ya ba mu sama da miliyan 3, ban da kuɗin wanda zai sayo ya kawo. Ta ce tab, duka lefen ma bai kai haka ba. Ta ɗauki na fata guda biyu a wurina, ta ce sauran za ta sa a sayo mata kwafi a Kano ta kuma faɗa wa dangin amarya cewa kwafi ne tun kafin a buɗe akwati.